Gurasa

Mai kwaɓa fulawa da yis don ya gasa fiza a gida, rabin aikin gurasa ya riga ya yi. Gurasa kalmar aro ce daga Larabci, "ƙursa", wato abu mai faɗi zagayayye kamar faifai. Fataken Larabawa ne suka ƙetaro da ita Sahara zuwa Kano.

Da "burodi" ya shigo daga Turanci sai ma'anarta ta tsuke. Wurin mai tsire a Gummi ko Anka, gurasa ita ce 'yar tanderun nan da ake yayyafa wa ruwa, a barbaɗe da ƙuli-ƙuli, a zuba mai da albasa. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa har yanzu burodi yake nufi da ita. A Sudan, bisa kasko ake yin ta, a ci da miya.