Batirin Mota: Daga Mai Marfi Zuwa Rufaffe

A wannan makon za mu waiwayi tarihin batir.

Jirgin ƙasa ya ratsa Birniwa zuwa Nguru tun 1930, amma lantarki ya daɗe bai bi sawunsa ba. A ƙauyukanmu batirin mota ne ya riƙe gurbin NEPA: shi ke tayar da lasifikar masallaci, da rediyo mai kaset, da talabijin baƙi-da-fari. In ya yi sanyi, a ɗaura shi bayan keke sai wurin mai caji.

Asalinsa Bafaranshe ne, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859. Gida shida ne a ciki, kowanne da farantan dalma jiƙe cikin ruwan batir, kowanne yana ba da bolt 2.1. Na dā ana like samansa da kwalta, don haka gwani kan narke ta, ya zare gidan da ya mutu ya sa sabo. Daga baya aka koma na roba mai marfi shida, wanda ake ƙara wa tataccen ruwa.

A 1971 kamfanin Delco na Amurka ya fito da rufaffe, wai ba ya buƙatar kulawa. A ƙasar sanyi wataƙila. Nan kuwa zafin Afrilu kan haura digiri 40, ruwan ya riƙa ƙafewa a hankali, ga shi babu ƙofar ƙari. Shi ya sa masu gyara suka koyi ɓanɓare takardar sama, su lalubo murafen da aka ɓoye.

Sai dai ba kowace mutuwa ke da magani ba. Batirin da aka bari ya kwana biyu ba caji, farin gishiri ya daskare a farantansa, yakan farfaɗo da caji mai sanyi na kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya kumbura ko gida ɗaya ya haɗe, ya gama. Masu ɗura masa sabon ruwan asid suna cinye farantan ne kawai.

Daga nan sai hannun 'yan gwangwan, a fasa shi a zubar da ruwan a ƙasa don a ciri dalma. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kodayake can daga dutsen zinare ta fito. Yanzu da sola ta shiga gidajen ƙasar Haɗeja, matattun batura sai ƙaruwa suke, galibi a jingine a zaure inda yara ke wasa.