Shekarar 2021, lokacin da 'yan kasuwarmu suka san VPN

Kafin 2021, da yawanmu ba mu taɓa jin kalmar VPN ba, alhali tun wajen 1996 injiniyoyin Microsoft suka fito da irinsa na farko, don ma'aikaci ya shiga kwamfutar ofishinsu daga nesa ba tare da wani ya leƙa ba. Wato don kasuwanci aka ƙirƙiro shi tun asali.

Mu kuwa wuya ce ta koya mana. Bayan zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane, an katse intanet ɗin salula a Nijar ranar 24 ga Fabrairu, sai 5 ga Maris ya dawo. Kwana goma mai sayar da raguna ya kasa tura hotonsu ta WhatsApp zuwa Maraɗi ko Yamai. Wasu suka ruga suka sauke VPN, shiru. Dalili? VPN rufaffiyar hanya ce da yake haƙawa cikin rezo ɗin da kake da shi. In babu rezo, ina zai haƙa?

A Najeriya kuma labarin ya bambanta. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 gwamnati ta rufe Twitter kaɗai, sauran intanet na aiki. Nan VPN ya yi rana, masu talla suka ci gaba da cinikinsu. Amma a Satumba, da aka kashe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya maƙwabciyarmu, ya sake zama banza.

To, ɗan kasuwa, ga abin da tarihin nan ya bar mana. Na kyauta ka yi hattara da shi, don da yawa talla ko bayananka suke sayarwa. Araha ba ta ado. Ka fara biyan wata ɗaya ka gwada saurinsa a shagonka kafin ka biya na shekara. Ka zaɓi tashar da ke kusa, don ta Amurka ta fi jinkiri. Sannan ka riƙe sim biyu da littafin bashi na takarda, saboda ranar da za a wayi gari babu rezo.

Ku faɗa mana, ya kwana goman nan suka same ku? Allah ya sa albarka a nema.