Madauki da Jeri: Yadda Ƙirga Ta Koma Farawa Daga Sifili

Ɗalibin da ya fara koyon rubuta manhaja yakan yi mamaki idan aka ce masa jeri mai gurbi goma, lambar gurbinsa na farko 0 ce, ta ƙarshe kuwa 9. Ba haka al'amarin ya faro ba.

Tunanin maimaita umarni ya girmi kwamfuta kanta. A shekarar 1843 Ada Lovelace, cikin bayanan da ta ƙara wa fassarar wata maƙala kan injin lissafi na Charles Babbage, ta tsara hanyar fitar da lambobin Bernoulli inda wasu matakai ke komawa baya su sake gudana. Ba a taɓa kammala gina injin ba.

Sai a 1957, da kamfanin IBM ya fitar da harshen FORTRAN ƙarƙashin jagorancin John Backus, madauki da jeri suka zama kayan aikin yau da kullum. Umarnin DIMENSION ne ke ware wa jeri gurabe, DO kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgar tana farawa daga 1, yadda masana lissafi suka saba. Kalmar for da ɗalibai ke rubutawa yau ta samo asali daga für ta Jamusanci a aikin Heinz Rutishauser na Suwizalan, ta ratsa ta harshen ALGOL.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, shi ya yaɗa sifili. Dalilin ba ado ba ne. A C, sunan jeri yana nuna adireshin gurbinsa na farko a ƙwaƙwalwar kwamfuta, lambar da ke biye kuwa tazara ce daga wannan wuri. Gurbin farko ba shi da tazara daga kansa, don haka 0. A 1982 Edsger Dijkstra ya rubuta gajeriyar takarda yana kare wannan tsari, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: idan madauki ya fara daga 0 ya tsaya kafin 10, debe iyaka daga iyaka kawai yana ba da yawan zagaye.

Amma C ba ya duba ko madauki ya zarce iyakar jeri. Yana ci gaba da rubutu a kan abin da ke maƙwabtaka. A watan Nuwamba na 1988, tsutsar Morris ta yi amfani da irin wannan kafa a manhajar fingerd, cikin hanyoyin da ta bi ta gurgunta dubban kwamfutoci a intanet.

Python, da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya riƙe sifili, amma madaukinsa yana bin abubuwan jeri kai tsaye, kuma idan aka nemi gurbi bayan na ƙarshe sai ya tsayar da manhajar ya ba da saƙon kuskure.