Babbar Hanyar da ta Ratsa Garuruwanmu

Ɗan'uwa mai karatu, ka san hanyar nan mai kwalta wadda ta ratsa Gidan Runji, Cadawa, Agye da Gazawa. Daga Yamai ta fito, ta nufi Tasawa da Damagaram. A kowane gari ita ce babban titi. Amma ba haka take ba tun asali.

A zamanin kakanninmu turba ce ta ƙafa. Fatake ke bin ta da jakuna da raƙuma. Da Turawan Faransa suka ci ƙasa, suka sa talakawa aikin dole. Mutane suka sare itatuwa, suka ɗauki ƙasa a ka, ba a biyansu. Sai a 1946 aka hana aikin dole.

Daga nan gyaɗa ta raya hanya. Da kaka, manoma su kawo buhuna bakin titi, a auna, manyan motoci su kwashe. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gyaɗa. Kuɗi suka shigo, aka buɗe kantuna.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974. A 1975 cuta ta kashe gyaɗa. Manoma suka koma ga wake da aya. Yau su ne ka fi gani jibge a bakin titin Agye da Gazawa.

Hanyar nan tana shaƙar numfashi daga Najeriya. Da aka rufe iyaka a 1984, da 2019, da 2023, kaya suka yi tsada, masu tebur suka ji a jikinsu.

Dubi titi yanzu. Inda ake ɗaure jakuna, ƴan kabu-kabu ne ke jiran fasinja. Ga masu sai da mai a kwalba, ga rumfunan cajin salula, ga manyan motocin fasinja suna wucewa da gudu.

Hanya ta kawo arziki, ta kuma kawo haɗari. Kada ka bar yaro ya yi talla a kan kwalta. Ka riƙe dabbarka in za ku tsallaka. Kuma ka dage da karatu. Wanda ya iya karanta lambar sikeli, ba a cutarsa a bakin titi.

In kun taru a ajin yaƙi da jahilci, ku tambayi tsofaffi: wa ya fara kafa rumfa a titin garinku? Ku rubuta amsa, don jikoki su sani.