Ƙwayar Alkama da Kuskuren Fermat

A ƙarni na 13, Ibn Khallikan, alƙalin Dimashƙa, ya kawo labarin wani mai hikima na ƙasar Indiya, Sissa, wanda aka ce shi ya ƙago shaɗaranj, wato darar nan mai gida 64. Da sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji suka yi lissafi suka tarar duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Tun wajen shekarar 1000 Al-Biruni ya riga ya fitar da ita daidai.

Masu ba da labarin kan tsaya a kan girman lambar, alhali abin mamakin yana cikin yadda take rabuwa. Idan aka jera biyu har guda 64 aka ninka su da juna, aka cire ɗaya, ita ake samu. Irin wannan lamba tana tsagewa gida biyu, ɓari ɗaya ya sake tsagewa, har a samu lambobi shida: 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Dangantakarsu mai sauƙin gwadawa ce. Uku sau biyar 15 ne, a ƙara biyu a samu 17. 15 sau 17 kuwa 255, a ƙara biyu a samu 257. Haka abin yake har ta shida.

Waɗannan lambobi su ne Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a Faransa, ya yi nazari a kansu. A 1640 ya bayyana yaƙininsa cewa duk lambar da ke cikin wannan jeri ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Biyar na farko sun gaskata shi, kuma ba abin zargi ba ne mai lissafi da alƙalami ya gaza tantance ta shida, mai alƙaluma goma. Maganar ta zauna kusan shekara casa'in, har 1732, lokacin da Leonhard Euler, ɗan Suwizalan da ke aiki a birnin Petersburg na Rasha, ya nuna cewa 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417.

Ashe ladan Sissa tubali bakwai ne ya gina shi, ba shida ba. Bayan 65,537 kuwa, har yau ba a sake samun ko ɗaya a jerin Fermat da ta ƙi rabuwa ba.