Idon Matuƙi da Hazon Kano: Tarihin Saukar Jiragen Sama

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na mayaƙan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa da ke wajen birnin Kano. Wannan ita ce saukar jirgin sama ta farko a Nijeriya. A wancan zamani matuƙi ba shi da abin dogara sai taswira da kamfas da kuma idonsa. Saboda haka Dutsen Dala da Goron Dutse, da badalar da aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, da hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso Kano a 1911, su ne manyan alamomin da ke shaida wa matuƙi cewa ya iso.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai Kano ta zama zango a kan hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Alƙahira. Yawan zirga-zirgar nan ya fito da wata matsala fili, watau hazon hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe birnin har Dala ya ɓace wa mai kallo daga sama.

Maganin da masana suka samo shi ne na'urar rediyo mai jagorar sauka. Tana aika saƙo iri biyu: ɗaya yana daidaita jirgi da tsakiyar titin sauka, ɗayan kuma yana gangaro da shi sannu a hankali. Amma duk da haka, ba a sallami ido ba. A mataki na farko na wannan tsari, idan jirgi ya sauko zuwa kimanin ƙafa 200 daga ƙasa, wajibi ne matuƙi ya yanke shawara nan take. Lalle ne ya ga jerin fitilun da ke kaiwa ga titin, ko koren fitilun bakin titin, ko kuwa fararen zanen da ke wurin dira. In bai ga ko ɗaya ba, doka ba ta yarda ya yi kirdado ba. Sai ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake gwadawa, ko ya nufi wani filin.

Wannan ƙa'ida ita ce dalilin da ya sa akan jinkirta jirage a filin Malam Aminu Kano idan hazo ya yi kauri, ko da alhazai da manyan ma'aikata sun ƙosa. Alamomin sun sauya daga duwatsu da badala zuwa fitilu, amma a mataki na farko na wannan tsari hukuncin bai sauya ba tun 1925: matuƙi ba ya dira a inda idonsa bai gani ba.