Kwana 35 a Kulle: Yadda Muka Ga Korona a Abuja

Yaran da aka haifa mana a lokacin kulle yanzu sun shiga makaranta, kuma idan muna hirar korona sai su ɗauka tatsuniya ce. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da ya faru a wannan shafi, tun kafin mantuwa ta cinye shi.

Labarin ya fara iso mana ne daga nesa, a rediyo da waya: wata cuta a birnin Wuhan na ƙasar Sin, sai Italiya, sai Ingila. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 23 ga Maris aka sanar da mutuwa ta farko, kuma a nan Abuja ne: Suleiman Achimugu, tsohon shugaban kamfanin PPMC, wanda bai daɗe da dawowa daga Ingila ba. Cikin 'yan kwanaki aka ji gwamnan Bauchi Bala Mohammed da na Kaduna Nasir El-Rufa'i sun kamu, haka ma Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Daga nan ne maganar nan ta samo asali a majalisunmu, wai cutar manya ce, ta masu hawa jirgi. Da yawanmu mun faɗa, kuma mun yarda da ita.

Daren Lahadi 29 ga Maris, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi cewa daga ƙarfe 11 na daren Litinin za a kulle Abuja da Legas na mako biyu, tare da Ogun. Kwana ɗaya tak aka ba mu mu shirya. Ranar Litinin ɗin kasuwannin Wuse da Utako da Garki ba masaka tsinke. Mai albashi ya sayi buhu, mai ɗan hali ya auni mudu biyar, wasunmu kuwa sun koma gida da abin da bai wuce na kwana uku ba. Wasu sun ɗaure kaya sun nufi tashar Zuba da Jabi don su riski gida kafin a rufe hanya.

A nan ne aka ga cewa Abuja biyu ce. Akwai ta Maitama da Asokoro da Wuse II, inda zaman gida ke nufin firiji cike da abinci da janareta da intanet. Akwai kuma tamu, ta Nyanya da Karu da Mpape da Dei-Dei da Gwagwa da Lugbe, har Mararaba da Suleja, waɗanda a takarda suna Nasarawa da Neja, amma da asuba mutanensu ke cika birnin. Mai shayi, ɗan ga-ruwa, mai wankin takalmi, ɗan dako, direban Keke Napep, lebura a wurin gini, mai kilishi a Area 1, duk hannu baka hannu ƙwarya ne. Idan bai fita yau ba, ba a ɗora tukunya yau. Ko 'yan canji na Zone 4, da ake ganin suna da hali, sun zauna shiru tunda an rufe filin jirgi, babu matafiyi. Kuma ba mu kaɗai ba ne: kowane ɗayanmu akwai iyaye da iyali a gida da ke jiran aike duk mako.

Kullen ya same mu ne a kan wani ciwon. Tun Agustan 2019 iyakoki ke rufe, shinkafa ta yi tsada. A Fabrairun 2020 an ƙara harajin kayayyaki daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. An tsara kasafin shekarar a kan gangar mai dala 57, sai ga farashin ya faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu. Babban Bankin Najeriya ya mayar da dala daga naira 307 zuwa 360. An dai rage litar fetur daga naira 145 zuwa 125, amma me ragin zai yi wa wanda aka hana shi fita?

Gwamnati ta yi alkawura. Ministar jinƙai Sadiya Umar Farouq ta fara rabon naira dubu 20 ga kowane gida da ke cikin rajistar marasa galihu, kuma a ƙaramar hukumar Kwali aka ƙaddamar. An ba da umarnin fitar da tan dubu 70 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Ranar 13 ga Afrilu, da aka ƙara mana mako biyu, shugaban ƙasa ya ce a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa 3.6. Matsalar ita ce, yawancinmu ba mu cikin kowace rajista. Ɗan cirani da ke kwana a shago ko a kangon gini, wa ya san da shi? A garinsu an ce yana Abuja, a Abuja an ce baƙo ne.

Kullum da yamma muna sauraron kwamitin Boss Mustapha, da dare kuma mu jira alƙaluman hukumar NCDC. A tsakani, WhatsApp na ta kawo magunguna: tafarnuwa, citta, lemon tsami, har da masu cewa zafin ranarmu zai kashe cutar. Kan titi kuwa shingaye ne da kotunan tafi-da-gidanka. A tsakiyar Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sassan ƙasar wajen tilasta bin doka, adadin da a lokacin ya fi na waɗanda cutar ta kashe.

Ranar 17 ga Afrilu Abba Kyari ya rasu a Legas, washegari aka binne shi a maƙabartar Gudu. Mun ga hotunan taron da ya cika, alhali mu an hana mu jam'in mutum ashirin, kuma abin ya tsaya mana a rai. Bayan 'yan kwanaki sai labarin mace-mace ya fara zuwa daga Kano: malamai, dattawa, 'yan kasuwa, wasu ma danginmu. Daga nan bakin masu cewa cutar manya ce ya mutu.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Ba tarawihi, ba tafsiri sai a waya, Masallacin Ƙasa a rufe, babu kuma buɗa-bakin da masallatan unguwa suka saba ciyar da marasa gida da shi. Ranar 4 ga Mayu aka sassauta, da dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 6 na safe da tilasta sa takunkumi. A ranar bankuna suka cika maƙil, aka manta da tazara. Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu babu Idi a fili, babu tafiya gida, domin sai 1 ga Yuli aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi. Maniyyatanmu ma ba su je Hajji ba a shekarar.

Kulle ya yi kwana 35, amma bashinsa ya daɗe ana biya. Tattalin arziƙin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni, kuma zuwa Disamba hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19. Da yawa sun cinye jarinsu, ba su sake tashi ba. A ƙarshen Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a garuruwa da dama, har da Gwagwalada, aka ga buhuna da katan-katan jibge, wata shida bayan lokacin da aka fi buƙatarsu.

To me ya riƙe mu? Mai shagon unguwa da ya buɗe littafin bashi bai rufe ba. Maigidan haya da ya ɗaga ƙafa. Matan da suka riƙa ƙara ruwa a tukunya don a miƙa wa maƙwabci kwano. Da karo-karon da muka yi a wannan ƙungiya, wannan dubu ɗaya, wancan mudun gero. Bai isa ba, kuma mun san akwai waɗanda ba mu kai gare su ba, don ba mu da sunansu ko lambarsu. Laifin da muka ga gwamnati da shi, mu ma mun yi irinsa.

Don haka muke roƙon kowa ya tabbatar sunansa da na ɗan garinsu da ya sani suna cikin rajistarmu, kuma kada a yi wasa da kuɗin asusun wata-wata. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ranar da aka kulle gari ake fara neman wanda ba shi da abinci ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kare mu daga maimaituwar irin wannan. Wanda ke da abin da ya gani a unguwarsu, ya rubuto mana mu haɗa.